Suma'ila da Ragon Suna a Hanyar Takieta

Akwai wani dattijo a unguwar Zango, nan cikin Damagaram, ana ce masa Malam Suma'ila Shofer. In kun ce ba ku san shi ba, jama'ar wannan shafi, ba zan yi mamaki ba. Shi ma ya daɗe da daina sanin mutane.

Tsohon direban wani furoje ne, irin masu yawon gina rijiyoyi a ƙauyuka. Da furojen ya naɗe tabarmarsa, sai aka bar masa motar da ya tsufa yana tuƙawa, wata farar bashe mai shan gazuwal, wato man dizal. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, ita ce kuke ce wa akori-kura.

A faɗi gaskiya, Suma'ila ya san mota. In inji ya yi tari a bakin tasha, shi yana gida zai gaya maka abin da ke damunsa. An ce har yakan sansana hayaƙi ya faɗi gidan man da aka sha. Ni ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai ranar kasuwa.

Kun san al'adar hanya. Mota in ta yi pan, wato ta lalace a daji, sai a karyo rassa a jera a kan kwalta gaba da baya, don mai gudu ya rage, mai imani kuma ya tsaya ya tambayi abin da ya faru. To, babban alfaharin Suma'ila a duniya shi ne wannan:

"Ni, tun da na kama sitiyari, ba a taɓa sa wa motata ganye ba."

Ya faɗa a fada wurin shan shayi, ya faɗa a wurin ɗaurin aure, ya faɗa har a wurin zaman makoki.

Sai Allah Ya yi wa matarsa Zuliha rasuwa. 'Yarsu ɗaya, Raliya, tana auren Yakuba a Takieta. Gida ya zama daga Suma'ila sai bashe.

Da farko mutane suna shigowa. Sai ya zama duk wanda ya ce masa "Yaya haƙuri?", amsar ɗaya ce: "Lafiya lau," ya juya ya ci gaba da goge gilashi. A hankali ƙafa ta ɗauke. Shi ma ya daina zuwa fada. Ya kafa wa motar rumfar kwano a tsakar gida, a daidai inda Zuliha ke shanya. Kullum da safe ya wanke ta, ya tayar da ita ta ɗan yi gurnani, ya kashe. Ba ta zuwa ko'ina. Ƙuda ma in zai sauka a kanta sai ya fara goge ƙafa.

In maƙwabci ya zo neman a ɗauko masa hatsi daga gona, sai ya ce, "Yau ba ta jin daɗi." Masu biki su zo, "Hanyarku akwai rairayi." Har 'yan unguwa suka sa mata suna Sai-Kallo.

Da yamma yakan shimfiɗa tabarma a gefen tayarta ya ci tuwonsa. Wani lokaci sai ya tashi, ya buɗe ƙofar ɓangaren mai zaman gaba, ya rufe ta da ɗan ƙarfi, ya dawo ya zauna. Ba don komai ba, sai don gidan ya ji kamar wani ya iso.

Mutum ɗaya ne bai gaji da shi ba. Maƙwabcinsa Amos, tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya a asibiti, wanda katanga ɗaya ta raba su tun suna da baƙin gashi. Matarsa Dibora ita ce aminiyar marigayiya, kuma a bayanta Raliya ta yi rabin yarintarta. Duk ranar Lahadi in sun dawo daga majami'a, Amos sai ya leƙo.

"Shofer, kana raye?"

"Lafiya lau, Majo."

"Ban tambaye ka lafiya ba. Na ce kana raye?"

"Ka ga gawa tana goge mota?"

Iyakar hirar ke nan.

Ana cikin damina, Raliya ta haifi 'ya mace. Ta kira babanta a waya.

"Baba, ranar Talata ne suna."

"Allah Ya raya."

"Amin. Baba, ka saurare ni. Sunan ɗana Khalid ba ka zo ba, ka ce an yi ruwa, taɓo zai ɓata mota. Na yi shiru. Dangin Yakuba suna ta tambayata ko ba ni da kowa. Inna ba ta nan, kai kaɗai ka rage mini. Wallahi in wannan ma ba ka zo ba, na daina kiranka. Ba fushi ba ne, Baba. Na gaji ne."

Maganar ta shige shi. Amma irin su Suma'ila ba su iya cewa "yi haƙuri" ba, sai dai su yi abin da ya fi ƙarfin magana.

"Ki gaya wa mijinki kada ya sayi rago. Ni zan kawo. Kafin liman ya gyara zama ina ƙofar gida."

Ya je kasuwa ya zaɓo rago fari ƙal, mai ƙaho kamar sitiyarin tirela.

Ana gobe suna, Amos ya shigo.

"Shofer, mu ma za mu. Dibora ta kwana biyu tana soya cincin. Mu bi ka mana, tunda hanya ɗaya ce."

"Gaba akwai kaya, Majo. Baya kuma rago."

Amos ya leƙa gaban motar. Ba komai a ciki sai tsumman goge gilashi.

"To," in ji shi. "Ragon nan ya fi mu farin jini. Ma hau ta haya."

Da aka sallame asuba, Suma'ila ya ɗaure rago a baya, ya buɗe ƙyauren da ya yi tsatsa, Sai-Kallo ta fito titi. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya kallo. Wani tsoho har ya ce a duba ko an ga wata.

Ta fita gari lafiya. Gero ya yi kore shar dama da hagu, iska mai sanyi tana shigowa. Suma'ila ya ji ƙirjinsa ya buɗe, har ya kama kansa yana 'yar waƙa.

Ya wuce Tirmini da kaɗan, sai ta yi tari. Ya taka, ta ƙi ɗauka. Ta sake tari, ta yi fizga kamar jakin da ya ga rami, sannan ta yi shiru. Ya gangara da ita gefen hanya.

Bai ruɗe ba. Ya buɗe kapo, wato murfin inji, ya kwance filtir ɗin gazuwal, ya juye a tafin hannu. Ruwa ne da dauɗa baƙa kamar ƙasan tukunyar shayi. Nan ya gane. Man da ke cikin tankin ya daɗe a kwance, ya tara ruwa da laka a ƙasa. Gurnanin safiya a tsakar gida bai taɓa motsa su ba. Yau da ta sha girgizar hanya, duk suka taso suka toshe mata maƙogwaro.

Yana da sabon filtir a akwatin kayan aiki. Ya ɗaura shi cikin ƙiftawar ido. Saura abu ɗaya.

Ga waɗanda ba su san mota mai gazuwal ba: ita ba ta shiri da iska. In iska ta shiga hanyar mai, ko ka yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, ba za ta tashi ba. Sai an kore iskar. Don haka ake da wani ɗan famfo a saman filtir, kana dannawa da hannu, mai yana tahowa yana tura iska waje.

Suma'ila ya danna. Fus. Ya sake dannawa. Fus. Robar cikin famfon ta bushe ta tsage saboda rashin aiki.

Akwai dabarar da kowane tsohon direban daji ya sani. Mutum ɗaya ya je baya, ya naɗa tsumma a bakin tanki, ya kafa baki ya yi ta hurawa, mai ya taho gaba. Ɗayan yana wurin inji da kile, wato sifana, a hannu, ya sassauta ɗan noti, kumfa ta yi ta fita. Da zarar mai ya fito zalla, ya ɗaure tun mai hurawa bai saki numfashi ba.

Baki a baya, hannu a gaba. Allah kuwa bai halicci mutum mai tsawon bashe ba.

Yana tsaye yana wannan lissafi, sai ya ji ƙarar mota daga wajen gari. Me kuke tsammani ya yi? Ya karyo reshe? Ya ɗaga hannu?

Ya rufe kapo. Ya tura kile cikin aljihu, ya ɗauki buta, ya koma gefe ya tsuguna kamar mai alwala. Motar ta yi masa hon ta wuce, ya ɗaga mata hannu da murmushi.

Ta biyu ma haka. Ta uku direban ya rage gudu, don ya gane shi.

"Malam Suma'ila! Sai-Kallo ce a hanya? Ba dai pan ba?"

"Wace irin pan? Iska nake sha."

Ba a jima ba sai ga motar haya cike da mutane. Ta rage gudu, kan Amos ya leƙo ta taga, Dibora a gefensa da kwanon cincin a cinya.

"Shofer! Lafiya?"

"Lafiya lau. Ragon nan ne jiri ke ɗibarsa, bai saba da mota ba. Ku je, zan wuce ku a hanya."

Amos ya dubi ragon. Ragon yana tuƙa abinsa hankali kwance.

"Na yi aikin likita har na tsufa, ban taɓa ganin mai jiri da ƙoshin lafiya irin wannan ba. In wani abu ne ka faɗa, in sauka."

"Majo, ka taɓa ganin ganye a bayan motata?"

"Baban Raliya," in ji Dibora, "yarinyar nan tana jiranka fa."

"Na ce ku je."

Direba ya ja. Suma'ila ya bi motar da kallo har ta zama ɗigo. Sannan ya buɗe kapo.

Ya sassauta noti, ya ruga baya, ya hura har idanunsa suka yi ja, ya rugo gaba. Kafin ya iso, man ya koma, iska ta sake shiga. Ya koma baya. Ya rugo gaba. Dattijo mai furfura, da babbar rigar suna, yana tsere da kansa a gefen kwalta. An ce sawun da ya yi a wurin har yau ciyawa ba ta fito ba.

Waya ta yi ƙara. Raliya ce.

"Baba, kana ina? Liman ya zo."

"Ina hanya. Na kusa."

"Inna Dibora ta ce sun gan ka a tsaye."

"Na ce miki na kusa."

Ya koma tserensa. Gazuwal ya shiga bakinsa, ya ɓata gaban rigar. Rana ta fara ɗagawa. Waya ta sake ƙara.

"Baba, mutane za su tafi gona. Liman yana da wani sunan a wata unguwa. Babu rago a gidan nan, kai ka ce kada a saya. In motar ce ta lalace ka faɗa, Yakuba ya turo babur."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma ɗaya ce. Ya buɗe baki, ya dubi farar motar, sai ya ji kansa yana cewa:

"Motata ba ta lalacewa."

Yana jin hayaniyar mata a bayan Raliya, da kukan jaririya siriri. Sai ta kashe.

Bayan wannan wayar ba ta sake ƙara ba.

Motocin safe sun gama wucewa. Hanya ta yi tsit, sai kukan kurciya daga cikin gero. Ya sauko da ragon ya ɗaure shi a jikin mota ta wajen inuwa, ya zauna kusa da shi a ƙasa. Ya ciro wayar ya duba. Ya mayar. Ya sake cirowa.

"Kai ma da kana da amfani da ka hura mini," ya ce wa ragon.

Ragon ya dube shi, ya ci gaba da tuƙa.

"Da Zuliha tana nan da ta hura. Ta taɓa yi mini a hanyar Damagaram Takaya, tana hurawa tana zagina." Ya yi 'yar dariya. Ya daɗe bai faɗi sunanta da ƙarfi ba, kuma da ya faɗa, rago ne kaɗai ya ji.

Can dai ya tashi. Ya je gindin wata sabara, ya dubi gabas ya dubi yamma kamar ɓarawo, ya karyo rassa. Ya jera su a bayan motar, ya koma gaba ya ɓuya a ƙarƙashin kapo don kada ya ga abin da idonsa.

Da ya leƙo bayan wani lokaci, igiya ta kwance, rago yana tsakiyar kwalta yana lashe baki. Ya cinye ganyen tas, sai 'yan itatuwa.

Nan Suma'ila ya jingina da mota. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dubi abin da ke kewaye da shi. Ga wani mutum a cikin gona, nesa da shi bai fi jifa da dutse ba, ya dogara da hauyarsa yana kallonsa.

Suma'ila ya haɗiye miyau mai ɗanɗanon gazuwal.

"Salamu alaikum, bawan Allah! Don Allah... zo ka taimake ni."

Mutumin ya ajiye hauya ya taho. Sunansa Illa, manomi ne, bai taɓa taɓa cikin mota ba sai dai ya hau baya ranar kasuwa.

"Ai tun da sassafe nake kallonka, Alhaji. Na ga kana gudu gaba kana gudu baya, na ce ko irin motsa jikin nan ne na mutanen birni. Na so in zo. To amma na ga duk wanda ya tsaya korarsa kake yi, masu mota ma, balle ni mai hauya."

Suma'ila ya naɗa tsumma a bakin tanki.

"Sa bakinka nan ka hura, kamar kana hura wuta. Kada ka saki sai na ce."

"Ba za ta tashi da ni ba dai?"

"Hura kawai."

Illa ya hura. Kumfa ta fito, fur-fur-fur, sannan mai ya biyo zalla. Suma'ila ya ɗaure noti, ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta tashi. Duk aikin bai kai a sha kofin shayi ɗaya ba.

"Shi ke nan?" in ji Illa yana tofar da yawu. "Wannan ne ya zaunar da kai tun safe?"

Ya shiga Takieta ana kiran azahar. A ƙofar gidan Yakuba ana kwance rumfa, ana tara kujeru. Ga fatar wani rago an shanya a kan katanga. Wani maƙwabci ne ya jawo nasa daga turke da ya ga liman zai tashi.

Yakuba ya tarye shi da ladabi. "Sannu da zuwa, Baba. An sha hanya." Ya karɓi igiyar ragon, bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka shiga da shi ciki. Raliya tana zaune a bakin gado da lalle a ƙafa, jaririya a cinyarta, Dibora a gefe. Ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo. Ta dubi rigarsa, ta dubi hannuwansa.

"Motar ce ta mutu," in ji shi. "Tun safe. Na ɓoye."

"Na sani, Baba. Kowa ya sani. Kai kaɗai ne kake ganin ba a sani ba."

Ya tsaya yana murza hula. Ya leƙa fuskar jaririyar.

"Wane suna aka sa mata?"

"An faɗa da safe, a gaban jama'a. Na sa a ajiye maka tabarma kusa da liman." Ta gyara wa 'yar zane. "Je ka tambayi waɗanda suka zo."

Dibora ta buɗe baki za ta yi magana, Raliya ta dafa mata hannu.

Ya fito. A inuwar darbejiya akwai sauran maza, dangin Yakuba da maƙwabta, Amos a tsakiyarsu yana sakace. Suma'ila ya tsaya a gabansu da rigarsa mai warin gazuwal.

"Majo," ya ce a hankali, "wane suna aka sa wa jikata?"

Amos ya kama kunne. "Shofer, ka san na tsufa. Ɗaga murya."

Suma'ila ya rufe ido. "Jama'a, don Allah ku gaya mini sunan jikata. Ban zo a kan lokaci ba."

Ba wanda ya yi dariya. Amos ya tashi, ya kama hannunsa mai baƙin mai da hannu biyu.

"Raudatu. Allah Ya raya maka ita."

Ya koma ciki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Raudatu." Raliya ta miƙo masa ita. Ya riƙe ta kamar wanda aka ba ƙwai, har aka yi la'asar bai ajiye ta ba.

Ragon dai shi ya ci ribar tafiyar. Yana nan Takieta har yanzu, ya yi ƙiba, ya zama mai unguwa.

Raliya kuwa 'yar babanta ce, ba ta maganar banza. Ta ce ta daina kiransa, kuma ta daina. Yanzu shi ke kira, kullum bayan la'asar. Wata rana ta ɗaga, ta sa masa muryar Raudatu a kunne. Wata rana kuma ta bar wayar ta yi ta ƙara a ɗaki, shi yana zaune a tsakar gida a Zango, ya manna ta a kunne yana saurare har ta katse. Gobe ya sake kira.

Darasi: Duk iyawarka, akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da numfashin wani. Wanda ya ɓoye lalurarsa don kada a ce ya gaza, ya kori mai taimako da hannunsa, kuma abin da zai rasa ya fi abin da yake karewa. In ka maƙale, ka faɗa tun mutane suna tsayawa. Ku tura wa wanda kuka san kullum amsarsa "lafiya lau" ce, in ya karanta kuma ku kira shi ku ji muryarsa.